Yadda Na Ɗinke Katalog ɗin Mista Walta

Duk baƙon da ya shigo falona ya ga kabad ɗin nan sai ya ɗauka littattafan karatu ne, don kowanne yana cikin rigarsa ta fata. In ya buɗe sai ya tarar da hoton roka. Ba ta yaƙi ba, ta wasa, 'yar roka ta kwali da katako mara nauyi wadda yaran Amurka ke harhaɗawa su harba sama a fili. Kamfanonin da ke yin su kan buga ɗan littafin talla duk shekara su aika wa masu so ta gidan waya, shi ake kira katalog. Tsofaffin nake tarawa. Matata ta ce furfura ta iso amma hankali yana hanya. Ni dai ba na musu da ita, don ban taɓa harba roka ba ko sau ɗaya. Abin da ya haɗa ni da takardun nan daban ne, sai an biyo ni tun daga ranar da na sauka a New York.

Sunana Sabo, baduku ne ɗan baduku daga cikin birnin Kano. Na sauka a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin zafinsu, da jakar kaya ɗaya da ƙunshin jar fatar akuya wadda babana ya zaɓa min da hannunsa a wurin majema. Wani Alhaji Ɗanjuma ne ya jawo ni. A rumfar babana muka haɗu, ya ɗauki jakar da na ɗinka yana jujjuyawa yana cewa Turawa za su yi hauka a kanta. Ya ce akwai kamfanin jaka da ke neman masu aikin hannu, in dai na iso da fatun gwaji to aiki ya samu. Kuma tsakani da Allah ya zo tarbata a filin jirgi, da farar hula da murmushi har kunne.

Ya kai ni wani gidan abinci a titi na ɗari da sha shida a Harlem, inda teloli da masu shaguna duk mutanen ƙasashen Afirka rainon Faransa ne. Ya sa aka kawo min shinkafa, sannan ya ce, "Kawo fatun in nuna wa Baturen, yana nan bayan kwana. Minti goma."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Duk wanda ya turo ƙofa sai in miƙe. Can mai abincin ta zo ta tsaya a kaina, wata Hajiya Zali 'yar Maraɗi, hannunta riƙe da tsumman goge tebur.

"Ɗan'uwa, wa kake jira?"

Na gaya mata.

"Mai farar hular nan? Ayya." Ta ja kujera ta zauna. "Bon, ka yi haƙuri, ba kai ne na farko ba. Ba shi komowa."

Ban yi kuka ba a lokacin, kunya ta hana. Amma kunnuwana sun toshe, ina ganin bakinta yana motsi ba na jin komai. Ta ƙaro min shayi, ta ƙi karɓar ko sisi, ta shiga ciki ta buga waya. Kafin magariba wani dattijo mai tumbi ya faka tasi a ƙofa ya leƙo ya ce, "Ina Kano man ɗin?" Wannan shi ne Baba Iddi, mutumin Zangon Kumasi, ya fi shekara goma yana tuƙi a garin. Ya ɗauki jakata kamar dama ya san da zuwana. A ƙasan jakar akwai fata ɗaya da ta tsira, don da ita na naɗe basilla da wuƙaƙen aikina.

Gidansa yana Morrisania, a Bronx, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Falon ya zama nawa. Matarsa Mma Azumi tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta dawo a gajiye ta ɗora wake da shinkafa irin nasu, mai ja, da barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Hausarsu ta riƙa ba ni dariya, tawa ta riƙa ba su. Baba Iddi ya ce mu Kanawa muna magana kamar masu karanta labarai a rediyo. Da wannan tsokanar na rayu watannin farko, wallahi ba don ita ba da na zauce.

Aikin da na samu wanke kwanuka ne a ƙarƙashin wani gidan abinci a tsakiyar gari. Ba taga, ba rana, sai tururi da sabulu. Shekara ɗaya da rabi ina ciki. Hannun da ke bambance fatar akuya da ta tunkiya ido a rufe ya kumbura ya tsattsage, har in na taɓa tufafina ba na jin laushinsu. Wannan ya fi sanyin garin yi min ciwo.

A zamanin ba kowa ke da waya a gida ba, kaset muke aikawa. Duk wanda zai zo daga Kano sai innata ta ba shi kaset ta yi magana a ciki. Ina jin akuyarmu tana kuka a bayanta, ina jin mai tallan fura yana wucewa. Takan ce, "Sabo, an ce kana kamfanin jaka, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe sana'ar ubanka." Ni kuma in danna rikoda in ce aiki lafiya, Turawa suna yabawa. In na gama in zauna ina kallon bango. Na tsani kaina, kuma na san ba zan iya komawa gida da wannan hannun da wannan ƙaryar ba.

A hunturuna na biyu takalmina ya buɗe baki a cikin ƙanƙara. Na shiga wani ɗan shagon gyaran takalmi kusa da babban titin Concourse. Mai shagon baƙar fata ne Ba'amurke, dogo, ya ba arba'in baya, tabarau rataye da igiya a wuyansa. Keken ɗinkinsa ya lalace, yana fama da hannun jakar wata mata da allura. Na tsaya ina kallo. Ɗinki ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Na kau da kai, na sake dubawa, abin ya ƙi haɗiyuwa. Ni mutum ne mai saurin hannu da saurin baki, tun ina yaro ake dukana a kai.

Na ce da guntun Turancina, "Oga, ba haka ba."

Ya sauke tabarau ya dube ni daga sama har ƙasa. Sai ya turo min jakar. Na warware nasa, na jera nawa. Yatsuna suna zafi amma sun tuna hanya. Ya ɗauka ya kai kusa da fitila, ya ja, ya sake ja.

"A ina ka koyi wannan?"

"A ciki aka haife ni."

Sunansa Walta. Ba mai yawan magana ba ne, kalmominsa kamar sayensu yake yi. Ya kwashe tarkacen da ke kan wani benci a bakin taga, ya nuna min. Ya ce, "Wata uku. In mun jitu ka zauna. In ba mu jitu ba, ga ƙofa nan." Ranar na shafa bencin nan da tafin hannuna kamar wanda aka ba doki. Na bar wankin kwanuka a satin. Na san in na rasa wurin nan, ramin tururi zan koma, kuma ban ga yadda zan sake fitowa ba.

A shagon na fara ganin katalog. Lokaci lokaci masinjan gidan waya kan kawo ambulan mai ruwan ƙasa, sai Mista Walta ya ajiye guduma, ya je ya wanke hannu da sabulu, ya goge, sannan ya buɗe. Na zaci takardun gado ne. Da na leƙa sai na ga hoton roka da yara suna ɗaga kai sama. A ɗakin baya yana da kwalaye cike da su, an jera shekara bayan shekara, kowanne cikin leda. Wasu shekarun babu, ya sa farar takarda a gurbinsu, su yake nema.

Wata Asabar ya tafi da ni New Jersey in taya shi ɗaukar kwali. A ƙarƙashin wani babban zaure muka tarar da masu tara katalog irinsa, manyan mutane masu sanƙo da tumbi, kowa da teburinsa, suna gardama kan ko na shekara kaza an buga shi sau biyu ne, ɗaya da shuɗin baya ɗaya da rawaya. Wani har jijiyar wuyansa ta tashi. Mista Walta da ba ya magana a shago, a nan bakinsa bai rufu ba. Ya ba da guda biyu ya karɓi ɗaya, ya fito yana murmushi kamar ango. A mota na tambaye shi ko ya iya harba rokar.

Ya ce, "Ban taɓa ba. Ina kuɗin, ina filin, a Bronx? Muna yara katalog ɗin kawai muke samu. Mu hau saman bene mu kwanta mu yi ta zaɓa."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Abin da ke raina shi ne, duk arzikin ƙasar nan a ce ba su da mai yi wa littafi bango, sai leda kamar ta ƙulla gyaɗa? A wurinmu littafin da ake ƙauna fata ake sa masa.

Akwai guda ɗaya da ba ya cikin kwalayen. Yana cikin aljihun tebur a ƙarƙashin kantar shagon, ko leda babu. Ya fi duka tsufa da wahala, kusurwoyinsa sun nannaɗe, ƙarafan da suka riƙe tsakiyarsa sun yi tsatsa har sun rina takardar. Kullum in zai ci abincin rana sai ya ciro shi ya duba ɗan lokaci ya mayar. Na lura yana dubawa. Ban lura da gefen da yake dubawa ba, kuma nan ne na shiga uku.

Saura sati biyu wata ukun su cika, gwaggonsa ta rasu a kudu. Ya ba ni makullin shago ya ce zai yi kwana biyar. Makulli! Ni ɗin da Alhaji Ɗanjuma ya bari a kan kujera kamar kayan wanki. Na ce lallai sai na yi wa mutumin nan abin da zai san na gode. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai lissafi a ciki. Na ce in ya ga iyakar abin da hannuna zai iya, maganar benci ta ƙare.

Na taɓa yin shekara biyu a wata maɗaba'a a Sabon Gari, inda na koyi ɗaurin littafi irin na Turawa, mai ɗinki da manni da kwali. Ina ji da wannan ilimin, don a ganina shi ne na zamani. Na ciro katalog ɗin aljihun tebur na kai gida. Na zare ƙarafan masu tsatsa, na huda tsakiya wuri uku na ɗinke da zare mai kakin zuma. Na yanka kwali biyu. Na fito da jar fatata, ta ƙarshe, wadda ban yarda ko ƙura ta taɓa ba tun zuwana. Gam ɗin shago yana da wari kuma yana ƙona fata mai laushi, don haka na dama fulawar Mma Azumi na dafa ta ta yi kauri, yadda muke yi a gida. Bangon gaba na bar shi sake saboda hoton. Na baya kuwa na juya na ga ba komai sai wata 'yar takardar adireshi da hatimin gidan waya da dattin yatsu. Na shafe shi da gam na manne shi ɗam a jikin kwali don ɗaurin ya yi ƙarfi. Na ɗora tukunyar ƙarfe a kai ya kwana biyu.

Da na ɗaga, kai, ni kaina sai da na yi kabbara. Baba Iddi ya ɗauka yana shinshinawa. Ya ce, "Kano man, in ya ga wannan, shagon ma duka zai ba ka." Kaina ya ƙara girma.

Ranar da ya dawo na bari ya cire kwat ya zauna, sannan na ajiye masa a kan kanta na ja da baya ina jiran yabo. Ya shafa fatar ya ce ta yi kyau, ya tambayi ko mene ne. Ya buɗe, ya ga hoton rokar. Murmushin ya tsaya. Ya jawo aljihun tebur ya ga wayam. Sai ya juya littafin da sauri zuwa ƙarshe, ya sa farce a gefen bangon baya yana neman ɗagawa. Ya ƙi.

"Ina bayan?"

"Na manne shi, Oga, don ya yi ƙarfi. Ba komai a wurin, adireshi ne kawai."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya yi magana a hankali yadda ko ni mai guntun Turanci ba abin da ya wuce ni. Ya ce sunan wansa ne a kan takardar, Raymond. Shi ya aika aka kawo katalog ɗin suna yara, wasiƙa ta farko da ta taɓa zuwa gidansu da sunan ɗayansu. Raymond ya tafi soja bai dawo ba. Gidan da adireshin ke nufi ya ƙone a shekarun da gidajen Bronx suka yi ta ci da wuta, da hotunansu da komai. Wannan ya tsira ne don yana nan shagon babansu.

"Ba wani wuri a duniya da sunansa da lambar gidanmu suke tare sai nan," in ji shi. "Ajiye makullin a kan kanta."

Na ajiye. Amma ban fita ba. Na ce ya ba ni littafin kwana uku.

"Me ya rage ka ɓata?" Ya tura shi gabana da yatsa ɗaya. "Ɗauka. Wannan naka ne yanzu, ba nawa ba."

A hanya fushi ne ya fara zuwa, ba nadama ba. Ina tafe ina magana ni kaɗai kamar mahaukaci. Fatata ta ƙarshe! Ta hannun babana! Mutum ya ajiye abu kamar shara, ka mutunta masa shi, ya kore ka? Na isa gida na zazzage wa Baba Iddi, ya taya ni, ya ce mutanen ƙasar nan ba a iya musu. Mma Azumi tana yanka albasa ba ta ko juyo ba. Sai da muka gaji ta ce, "Sabo, in mutum ya ɗauki kaset na mamanka, ya sa waƙa mai daɗi bisa, za ka ce mishi na gode?"

Baba Iddi ya buɗe baki, ta nuna shi da wuƙar, ya rufe. Ni kuwa maganar ta shige ni. Na zauna a kujerar kicin na yi kukan da ban yi ba a gidan abincin Hajiya Zali. Ta bar ni na gama, ta zuba min abinci, ta ce in ci tukuna.

Da safe na ɗauki littafin na duba shi da idon mai sana'a. Abu ɗaya ne ya ba ni fata: da fulawa na manna. Gam ɗin shago in ya kama ya kama ke nan har abada, amma fulawa tana jin danshi, tana saki. Sai dai ba zan iya jiƙa takardar ta gaba ba, za ta yage. Dole in biyo ta baya, ta cikin kwalin. Kuma jar fata in ta ji ruwa tana zubar da rini, digo ɗaya ya isa ya shafe sunan. Ke nan dole in fara cire fatar.

Na ɗora wuƙa a kanta na daɗe ban danna ba. Sannan na yi bisimilla na tsarge ta daga sama har ƙasa.

Kwana uku na yi a teburin kicin, daga fitowar rana zuwa lokacin da haske ya bar taga, don ban yarda da hasken lantarki a wannan aikin ba. Na riƙa feƙe kwalin ta baya, ɓawo bayan ɓawo, har ya koma siriri kamar fatar albasa. Mma Azumi kafin ta fita aiki takan dafa min ruwa a buta ta ajiye. In jiƙa farin ƙyalle, in matse shi sosai, in ɗora a kan faɗin yatsa biyu, in jira, in ɗaga da bakin wuƙa. In ya yi gardama in bar shi in koma wani gefen. Baba Iddi ya leƙo rana ta biyu zai ba da shawara, na ce, "Baba, don girman Allah kar ka yi numfashi a nan." Ya fita da sanɗa, da tumbinsa da komai.

Rana ta uku na iso kan takardar adireshin. Ita ma da nata tsohon gam ɗin aka manna ta, in danshi ya yi yawa za ta biyo kwalin ta bar littafin, ko tawadar ta narke. Na ajiye wuƙar. Na tashi na yi alwala na yi raka'a biyu, na dawo. Na bi ta kaɗan kaɗan. Harafin farko ya fito, sannan na biyu. Da ɓawon ƙarshe ya ɗago na ga sunan gaba ɗaya, Raymond, da lambar gida da sunan titi, an buga da tafireta. A ƙasa kuma wani yaro ya ƙara da fensir, da rubutu karkatacce: da Walta. A da ban ma ga wannan ba, shi na kira datti.

Ba duka na iya gyarawa ba. Kusurwa ɗaya ta yi tabon ruwa. Na yanke ɗinkina na zare zaren, amma hudar nan uku suna nan, kuma har gobe suna nan. Ƙarafan na tono su daga gwangwanin ƙusoshin Baba Iddi inda na jefa su, ɗaya ya karye a hannuna, na naɗe su a takarda.

Ban so in mayar masa da shi tsirara ba, kuma na rantse ba zan sake manna masa komai ba. Sai na tuna abin da babana ke yi wa malamai da fatake masu takardun da ba a ɗinke ba. Tadarishi muke ce masa: kwali biyu a lulluɓe da fata, takardu su kwanta a tsakani ba ɗinki ba gam, a zagaye da igiya. In ka kwance, kowace takarda ta fito yadda ta shiga. Na raina wannan aikin shekara da shekaru, ina ganin na tsofaffi ne. Ragowar jar fatar ba ta isa ba, na cike da wani baƙin ƙyalle mai kauri da Mma Azumi ta ba ni. Na bar shi ya bushe sarai, na shimfiɗa farar takarda a ciki, na kwantar da katalog ɗin, bayansa yana kallon sama.

Na tafi shagon da safe. Ban tafi da sa rai ba, na ma ɗauki jakar da zan kwaso basillata da wuƙaƙena da suka rage a can. Yana buga dunduniyar wani takalmi, bai ɗago ba. Na yi gaisuwa, bai amsa ba. Na ajiye a kan kanta.

Na ce, "Oga, na yi laifi. Na taɓa abin da ba nawa ba, ban tambaya ba. Akwai tabo a kusurwa, akwai huda uku a tsakiya, ƙarfe ɗaya ya karye. Waɗannan ban iya gyarawa ba."

Ya ci gaba da bugu har ya gama ƙusar. Sannan ya tashi ya shiga baya. Na ji ƙarar famfo, na ji yana goge hannu. Ya dawo ya sa tabarau, ya kwance igiyar, ya ɗaga kwalin.

Ya daɗe a tsaye. Bai taɓa takardar ba, yatsansa yana bin layin a sama da ita, leɓensa yana motsi. Ya ɗaga katalog ɗin ya ga ba abin da ya riƙe shi, ya mayar, ya sake ɗagawa. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce ƙurar shagon nan za ta kashe shi. Ni dai na sunkuyar da kai, na matsa wajen taga na fara tattara kayana a jaka.

"Me kake yi?"

"Kayana nake kwashewa, Oga."

"Wa ya ce ka kwashe?" Ya rufe tadarishin, ya zagaya igiyar a hankali, ya sa shi a aljihun tebur. "Tun ranar Litinin wata mata ke zuwa tana min ihu a kan jakarta. Ta ce ba ta son ɗinkina, na ɗan Afirkan nan take so. Ga ta can a ƙarƙashin bencinka."

Na tsaya a gaban taga da basilla a hannu.

Ya ce, "Zauna mana, ka tare min haske."

Na zauna.